Injin a-kori-kura mai shan gas: tambayoyin da ake yawan yi a gareji da amsoshinsu

A bakin gareji na tsinci tambayoyin nan. Wani ya zo da hantsi ya yi tambaya, wani ya zo bayan la'asar da irinta sak, tun daga mai jigilar buhunan masara zuwa Dawanau har mai ratsa rairayi tsakanin Agadas da Dirku. Mafi yawan misalan a kan Hilux da Land Cruiser suke don su suka fi yawa a hannun mutanenmu, amma maganar ta shafi L200 da Nissan da sauransu. In na ce gas, dizal nake nufi, wanda 'yan'uwanmu na Nijar suke kira gazuwal, ba iskar gas ta tukunya ba.

Me ya sa bakanike yake fara tambayar wane inji ne a motar?

Don injin gas gida biyu ne, kuma abin da wani gidan zai haɗiye ya zauna lafiya shi ne ajalin ɗaya gidan.

Gidan farko na tsofaffi ne masu famfon injekta na gargajiya: 2L mai lita 2.4, 3L mai 2.8, 5L mai 3.0, sai 1HZ mai silinda shida da lita 4.2 wanda aka fara sa wa Land Cruiser a 1990, da 4D56 na farko a L200, da TD27 na Nissan. Nozul ɗinsu yana buɗewa da matsin da bai kai bar 200 ba. Ba su da gudu, amma suna da haƙuri irin na jaki.

Gida na biyu shi ne komon rel. A nan famfo yana tara mai a bututu ɗaya da matsin da ya haura bar 1,300, sannan ƙwaƙwalwar mota ta riƙa buɗe kowane nozul da lantarki. Su ne 2KD mai lita 2.5 da 1KD mai 3.0 da ke cikin Hilux ɗin da ake kira Vigo, wadda ta yi zamani daga 2004 zuwa 2015, sai 2GD da 1GD da suka gaje su. Sun fi ƙarfi, sun fi tattalin mai, amma ƙwayar datti ɗaya tana iya kwantar da su.

Ka duba lambar da aka buga a jikin bulok da idonka. Takardar da ke manne a ƙofa labarin injin da motar ta zo da shi take bayarwa, mai yiwuwa kuwa an daɗe da sauke shi.

Oga, motata tana hayaƙi. Ringi ne?

Kowa ringi yake fara kira, alhali sau da yawa ba ruwansa. Launin hayaƙin za a fara tambaya, da lokacin da yake fita.

Baƙi yana nuna mai ya rinjayi iska. Ko iskar ta yi kaɗan, ko man ya yi yawa, ko nozul yana zubo shi maimakon ya fesa. A fara da mai araha: a zaro iya kilina a duba. In motar mai tobo ce, wato na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska, a bi robobin da suka taso daga tobo zuwa intakula mai sanyaya iskar zuwa inji, a shafa ƙarƙashinsu. Wani Alhaji ya taɓa kawo mana Vigo tana turnuƙe titi, ba ta iya hawa gada da lodi, har an yanka masa kuɗin ringi a wani wuri. Muka sa yaro ya taka totur, sai ga wani fito siriri kamar usur. Da na zura hannu ƙarƙashin robar intakula sai yatsana ya faɗa cikin tsaga, gefenta ya jiƙe da mai, ƙura ta manne ta yi ɓawo. Iskar da tobo yake turawa a waje take ƙarewa. An bar jaki ana dukan taiki. Roba ɗaya da kilif biyu suka sallame shi.

Fari kuma iri uku ne. Wanda yake fita da asuba lokacin hunturu ya ɗauke bayan minti biyu, yawanci hita fulogi, mai ɗumama silinda kafin a tayar, shi ne ya mutu, ko ma ba komai. Wanda ba ya ɗaukewa, yana yaji a ido yana warin ɗanyen gas, man ne bai ƙone ba: tayimin ya goce, ko nozul yana ɗiga, ko matsin silinda ya faɗi. Wanda yake kamar tururin tukunya, ga ruwan lagireto yana raguwa kullum, to wannan a tsaya, maganar gaskit ce ko top, wato kan injin da ke rufe saman silinda.

Shuɗi shi ne baƙin mai yana ƙonewa. A nan ne ringi yake shiga zargi, amma tare da robobin bawul da tobo. Kafin a kwance ƙusa ɗaya a sa geji a auna matsin kowace silinda. A 3L da 5L lafiyayyen inji yana ba da wajen kilo 32 a kan kowace santimita murabba'i, ba a so ya gaza 20, kuma kada tazarar silinda da 'yar'uwarta ta wuce 5. Bakaniken da ya ce a sauke inji bai auna ba, duba yake maka, ba gyara ba.

Da safe sai an tura ta, amma in ta yi zafi kik ɗaya take tashi. Mene ne?

Injin gas ba shi da fulogi mai tartsatsi. Zafin matse iska ne yake kunna man, saboda haka duk abin da ya rage saurin juyawa ko ya rage zafi zai hana shi tashi. A duba batir da kawunansa da wayar da ta sauka a jikin bodi. A cire hita fulogi a gwada su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ga gwajin da ba ya cin ko sisi: gobe da safe kafin ka murza makulli, danna ɗan famfon hannu da ke kan filtar mai har ya yi tauri. In ta tashi nan take, iska ce take shiga layin mai cikin dare, man ya koma tanki. Tsohuwar roba ce ko kan filtar.

Abin da nake roƙo a bari shi ne jiƙa tsumma da fetur a kanga a bakin iska, ko fesa maganin sauro. Tana tashi kam, amma da bugun da yake karya ringi, kuma in hita fulogi yana da zafi wutar tana iya dawowa fuskar yaron da ke riƙe da tsumman.

An ce in cire tamosta tunda ƙasarmu da zafi. Gaskiya ne?

Wannan al'ada ta yi mana ɓarna ba kaɗan ba. Motocin nan da tamostansu suke aiki a hamadar Larabawa da ta Ostareliya. Aikinta ta riƙe inji a zafin da ya dace, wajen digiri 82 zuwa sama kaɗan. A yawancin injinan nan kuma tana da aiki na biyu: in ta buɗe, ƙasanta yana toshe wata gajeriyar hanya da ruwa yake zagayawa cikin inji ba tare da ya je lagireto ba. Ka cire ta, wani kaso na ruwan ya riƙa yanke ta nan, da safe injin ya daɗe bai ɗumama ba yana cin kansa, a kan tudu da lodi kuma ya tafasa.

In mota tana zafi akwai dalili. Lagireto ya toshe ta ciki, ko ƙaiƙayi da ƙwari sun cike ramukansa ta waje, musamman motar da ke shiga gona lokacin kaka. Murfin lagireto ya saki. Kulocin fanka ya mutu, fankar tana juyawa a banza ba ta jan iska. Ko fukafukan famfon ruwa sun cinye. Ruwan burtsatse da muke ɗurawa shi ne uban tafiyar. Ka leƙa gindin butar mai shayi ka ga farin dutsen da ya daskare, to irinsa ne yake cikin lagiretonka da jijiyoyin top. Ruwan sanyaya inji na galan yana da tsada a ranar saye, amma bai kai kuɗin top ba.

Lagireto mai layi biyu ko uku gyara ne mai kyau ga motar lodi, muddin an mayar da rumfar robar da ke kewaye fanka. Ba tare da ita ba, fankar iskar gefe take kaɗawa.

Ta tafasa sau ɗaya, yanzu tana tura ruwa waje. Gaskit kawai zan canja?

Wataƙila, amma kada a ɗaura sabo sai an kai top wurin masu injin gwaji sun duba ko ya tsage ko ya lanƙwashe. Top ɗin 2L da 3L da 5L yakan tsage tsakanin bawul in ya sha wuta, tsagar kuma wani lokaci ido ba ya ganinta. Na KD alminiyom ne, shi lanƙwashewa ya fi yi.

Abu biyu ake yawan tsallakewa. Gaskit ɗin injinan nan kauri-kauri ne, ana zaɓarsa ne bayan an auna yadda fistin yake leƙowa saman bulok. Sannan ƙusoshin top da tok renci ake ɗaure su, bi da bi daga tsakiya zuwa gefe, a ƙarasa da kwanar da littafin injin ya faɗa. Ɗaurin "ja har sai ta yi ƙara" da dogon bututu a kan sifana shi yake sa a dawo bayan wata biyu.

Me ya sa nozul da famfo suke yawan mutuwa a nan?

Ruwa, datti, kananzir. Man yana iya fitowa da tsabtarsa daga matata, ko ta Zinder da ta fara aiki a 2011 ko ta Dangote da ta fara fitar da dizal a 2024, ya lalace a hanya: cikin tanka, cikin tankin ƙasa da ruwan sama yake tsiyaya, cikin jarkar ɗan bumburutu da jiya aka ɗebo wani abu da ita. Famfo da nozul ba su da wani man shafawa sai gas ɗin da ke ratsa su. Kananzir ba shi da wannan santsi, ruwa kuwa tsatsa yake haifarwa. A komon rel ratar da ke tsakanin ƙarafan nozul ta fi silin gashi ƙanƙanta nesa ba kusa ba.

Na taɓa shan mai a wani gidan mai a hanyar ƙauye, ban yi kilomita ashirin ba fitilar filta ta kama. Na kwance 'yar ƙusar robar da ke gindin filtar, na tara gorar ruwa. Da ya kwanta sai ga ruwa yatsa biyu a ƙasa, launin shayin da ba madara, gas yana yawo a samansa. Da na yi kunnen uwar shegu da fitilar nan, da nozul huɗu sun tafi.

Don haka in aka tambaye ni gyaran farko da za a ƙara wa motar gas, nakan ce filta ta biyu mai raba ruwa, mai kofin gilashi a ƙasa da za ka leƙa kowace safiya. A saka ta kafin ta asali, a bar ta asalin a wurinta. A tafiya mai nisa a riƙe filta sabuwa a bayan kujera. In dole ta sa a sha na jarka, a bar shi ya kwanta, a tace, kada a juye har gindi.

Nozul ɗin komon rel yana gyaruwa ko sai sabo?

Yana gyaruwa a wurin da ke da bencin gwaji da ɗaki mai tsabta. Ba ya gyaruwa a kan kwali a ƙarƙashin bishiya. Kafin a cire ma, kwamfuta tana nuna yadda ƙwaƙwalwa take ƙara wa kowace silinda mai ko rage mata don ta daidaita su, daga nan ake gane mai laifi. Wani lokaci kuma nozul lafiyarsa ƙalau, ɗan bawul ɗin da ke jikin famfo mai suna SCV ne yake maƙalewa, mota ta riƙa mutuwa a sulo ko ta ƙi jan totur.

In an sa sabo ko gyararre, lambobin da ke rubuce a kansa sai an shigar da su ƙwaƙwalwa. Wasan da ke ƙarƙashinsa kuma, wato ɗan zoben da nozul yake zama a kai, sabo ake sawa kowane lokaci. A 1KD an san wannan matsala: in wasan ya saki, hayaƙi yana hawowa ya gauraya da baƙin mai, ya zama gawayi, ya toshe rariyar da famfon baƙin mai yake tsotsa ta ciki, sai a wayi gari inji ya buga. Mai wannan inji ya sa a riƙa leƙa rariyar ta ramin juye da 'yar fitila.

Kada kowa ya nemi yoyon bututun komon rel da hannu inji yana aiki. Man yana huda fata kamar allura, kuma raunin yana iya kai wa ga yanke yatsa.

Yaushe ake canja tayimin bel?

A 2L, 3L, 5L da 1HZ, kilomita 100,000. A 1KD da 2KD, 150,000. Da zafinmu da ƙurarmu gara a rage. Fitilar T-BELT kilomita kawai take ƙirgawa, ba ta ganin bel ɗin, kuma mitar motar da aka sayo ta hannu ba abin rantsuwa ba ce. Ka sayi mota yau, canja bel gobe, tare da tenshina da fulinsa. In ya tsinke a guje fistin yana haɗuwa da bawul.

Mai L200 ya tuna 4D56 bel biyu gare shi. Ƙaramin, na balansa, shi ake mantawa, in ya tsinke kuma yakan faɗa cikin babban ya tafi da shi. GD sarƙa yake amfani da ita, TD27 kuwa haƙoran giya ne, ba ruwansu da wannan lissafi.

Wane baƙin mai, kuma juye bayan kilomita nawa?

Ga tsofaffin injina da KD, 15W-40 na injin gas mai alamar CH-4 ko CI-4, juye duk kilomita 5,000 tare da filta. Sababbi masu matatar toka a salansa suna son nasu na musamman mai ƙarancin toka, a bi abin da littafinsu ya ce. Man juyen injin gas yana yin baƙi kwana biyu da juye, wannan ba laifi ba ne, aikinsa yake yi. Laifi shi ne man durom da ba a san asalinsa ba, da zuba mai kauri don a rufe bakin injin da ya fara ƙara. In kuma ka ga man yana ƙaruwa a sanda maimakon raguwa, gas ne yake zuba ciki, a tsaya a nemo ta inda yake shiga.

Iya kilina fa? Ai muna busa ta kullum.

Busawa da iska mai ƙarfi da buga ta a jikin taya suna yaga takardar a inda ba ka gani. Ka kwance robar da ke bayan akwatin iya kilina ka shafa cikinta da farin tsumma. In ya fito da ƙura, injinka yana shan ƙasa, ƙasa kuwa ita take cinye ringi da silif kamar sanfefa. A duba bakin akwatin ko yana rufuwa ruf. Motar da ke bin hanyar burji ko rairayi, dogon bututun shan iska da ake ɗagawa gefen gilashi, da kofin da ke tara ƙura a kansa, yana ninka kwanan iya kilina.

Inji ya gaji. In yi obahol ko in sayi na Beljiyam?

Ya danganta da abin da aka tarar da kuma hannun da zai yi aikin. In bulok lafiya, kiransha bai ƙone ba, kuma akwai mai aunawa da ma'auni ba da farce ba, obahol da kaya na asali ya fi, don ka san abin da ke cikin injinka. A auna silinda, in ta buɗe a yi boring ko a sa silif. A auna kiransha, in za a yanka a yanka zuwa 010 ko 020 a sa metal daidai da shi. A wanke jijiyoyin mai da kula ta mai. Sabon ringi a tsohuwar silinda da ta zama ƙwai, kuɗi ne aka zuba a rijiya.

In bulok ya fashe ko kwanrod ya leƙo waje, sai kasuwar kayan mota, Ladipo ko Ƙofar Ruwa ko Panteka. Ka je da bakanikenka. A buɗe murfin sama a ga ko akwai daskararren mai, a sauke kwanon ƙasa a duba ko akwai garin ƙarfe, a juya injin da sifana a ji matsi a kowace silinda. Injin da aka wanke ya yi ƙyalli fiye da kima, a tambayi dalili. A yi yarjejeniyar kwanakin gwaji a rubuce. Kafin a ɗora shi a sa masa sabon bel da sil na gaba da na baya, tunda yana ƙasa aikin ba wuya. Lambar sabon injin kuma a kai ta a gyara a takardun mota, don kada a sha tambaya a shingen hanya.

Bayan obahol an ce a bar ta tana sulo kwana guda. Haka ne?

A'a. Minti ashirin ya isa a ga ko akwai yoyo, a tabbatar mai yana hawa. Ringi yana zama ne in akwai matsi a bayansa, dogon sulo kuwa goge silinda yake ta yi santsi kamar madubi, injin ya tashi yana shan mai tun yana sabo. A fita da ita titi, a riƙa sauya gudu, lodi matsakaici, ba a dannewa ƙasa kuma ba a jan giya babba a ƙaramin gudu. Bayan kilomita 1,000 a yi juye.

Zan iya ɗora wa 5L ko 1HZ tobo?

Ana yi, kuma motar tana sauya hali, musamman a hawa. 5L bai kai ƙarfin doki 100 ba, 1HZ yana wajen 130, saboda haka kwaɗayin a fili yake. Sai dai injinan nan matsinsu ya riga ya yi sama, wajen 22 bisa 1, kuma fistin ɗinsu ba don tobo aka yi shi ba. Lokacin da Toyota ta so mai tobo a gidan 1HZ, wani inji ta fitar, 1HD-T, da fistin daban da tsarin feshi daban. Wannan kaɗai ya isa ishara.

Wanda ya nace, ga sharuɗɗan. Injin ya kasance matsinsa lafiya tun farko. Iskar tobo ta tsaya ƙasa-ƙasa, kada ta wuce fam 7 zuwa 10. A sa intakula, a faɗaɗa salansa, a gyara lagireto. A daidaita famfo a wurin masu benci. Sannan a sa agogon da ke auna zafin hayaƙi, direba ya riƙa kallonsa kamar yadda yake kallon na ruwa. Masu wannan harka ba sa son ya zauna sama da digiri 700 a bakin manifol. Agogon ruwa ba ya faɗa maka fistin yana narkewa sai bayan an gama. In motar direban haya za ka ba wa, wanda zai danne totur daga Zariya har Funtuwa da buhu talatin a baya, shawarata ka bar ta yadda Allah ya yi ta.

Kowace mota mai tobo, bayan doguwar tafiya a bar ta ta yi sulo minti ɗaya ko biyu kafin a kashe. Tobo yana juyi sama da 100,000 a minti, in mai ya yanke masa yana da zafi, man da ya rage a ciki ƙonewa yake.

To buɗe famfo, ko ƙara ƙarfi ta kwamfuta?

A tsohon inji akwai ƙusar da ake murzawa a ƙara mai. Rabin juyi yana sa mota ta ji kamar sabuwa, shi ya sa yaran gareji suke son taɓa ta. Amma mai ba tare da ƙarin iska ba zafi ne da baƙin hayaƙi. Duk motar da ke barin gajimare a bayanta kuɗin mai gidanta take ƙonawa.

A komon rel ana sake rubuta lissafin ƙwaƙwalwa, ko a liƙa ɗan akwatin da ke yaudararta ta ƙara matsi. Na farkon in gwani ya yi shi da sauƙi-sauƙi yana da amfani. Na biyun nozul yake gajiyarwa. Ko wanne ne, kuloci ne yake fara kuka, kuma 1KD an san shi da tsaga fistin in nozul ya gaji aka kuma ƙara masa wuta. Garin neman ƙiba kada a samo rama. Sau da yawa ma ƙarfin da mutum yake nema yana nan, ya ɓace ne a toshasshen manifol, da bawul da ba a taɓa saitawa ba, da manyan tayoyin da aka sa don ado suka sa kowace giya ta yi nauyi.

Na gaji da komon rel. In sauke in sa 5L, ko in mayar da ita fetur?

Mutane da yawa sun yi, musamman da gas ya yi tsada a Najeriya daga 2022. In motar a daji take aiki, inda kwamfuta mafi kusa tana nisan yini guda, 5L yana da hujja. Amma ka sani za ka rasa ƙarfi, agogunan dashbod da na'urar sanyi za su buƙaci rewaya na gaske, kuma darajar motar a kasuwa za ta sauka. Komawa fetur ya fi wannan aiki: tanki, famfon mai, wayoyi, ƙwaƙwalwa, wani lokaci har giyabos. Kuma da lodi injin fetur ya fi sha. Ka lissafa kuɗin mai a kan kilomita, ba a kan lita ba, sannan ka kwatanta da kuɗin nozul huɗu na asali da filta mai kyau.

A toshe EGR, a fasa matatar salansa?

EGR yana mayar da wani kaso na hayaƙi cikin inji don rage gubar da ke fita. Shi da tururin mai suke haɗuwa su yi kwalta a manifol. Ni wankewa nake ba da shawara, a kwance a kankare duk bayan lokaci. Matatar toka kuwa ta fi wahalar da motocin da aka shigo da su daga Turai, don an yi su ne da man da sulfa ɗinsa ya yi ƙasa ƙwarai. Ƙasashen ECOWAS sun amince a 2020 a kan kada ya wuce kashi 50 cikin miliyan, amma ba kowane famfo ne ya kai nan ba. Matatar tana ƙone tokarta ne in mota ta yi gudu a buɗaɗɗen titi, saboda haka motar cikin gari tana buƙatar a fita da ita ta miƙe ƙafa. Fasa ta yana sa fitilu su kama in ba a taɓa ƙwaƙwalwa ba, tokar kuma mai tallan da ke bakin titi ne zai shaƙe ta.

Yaron gidan mai ya zuba mini fetur. Ya zan yi?

Kada ka tayar, kada ma ka murza makulli. A tura ta gefe, a zubar da tanki, a canja filta. In ka riga ka yi tafiya da ita kuma komon rel ce, a duba filta ko akwai ƙyalƙyalin ƙarfe, alamar famfo ya fara cin kansa.

Ta mutu a tsakiyar ruwa da damina. In sake kik?

Kul. Ruwa ba ya matsuwa, kik ɗaya yana lanƙwasa kwanrod. A jawo ta waje, a buɗe iya kilina. In a jiƙe take, a cire hita fulogi ko nozul, a juya injin ruwan ya fito ta ramukan, a zazzage intakula, a yi juye kafin a tayar.

Inji ya ɗauki gudu da kansa, na cire makulli bai mutu ba. Aljanu ne?

Baƙin mansa yake sha. Yawanci sil ɗin tobo ne ya fashe, ko an cika mai ya wuce alama, man ya bi ta hanyar iska ya shiga silinda. Makulli gas kawai yake yankewa, shi kuwa ya samu wani abincin. Za ka ji ƙara kamar zai tashi sama, hayaƙi fari da shuɗi ya rufe wuri. In mai giyar hannu ce, ka danne birki da ƙarfi, ka sa giya ta biyar, ka saki kuloci a lokaci ɗaya. In hakan bai samu ba, a toshe bakin iska da faffaɗan katako ko murfin ƙarfe, ban da tafin hannu, ban da tsumma, don zai haɗiye su. In abin ya gagara cikin 'yan daƙiƙu, kowa ya ja da baya daga gefen injin. Bayan ya mutu kada a sake tayarwa sai an kwance intakula da robobinsa an zubar da man da ya taru a ciki, in ba haka ba da kik na farko zai koma inda ya tsaya.